Yadda ake auna ɓarnar ruwan jima: sulfir da farar ƙasa ko anzim, wanne yafi gurɓata wuri

Kwanan nan a Marwa da Garwa ana ta musu tsakanin majema akan garin nan da ake kira anzim, wai yana cire gashin fata ba sai an zuba sulfir ba kuma baya ɓata ruwa, wasu sun yarda wasu kuma sunce ai dabarar 'yan kasuwa ce kawai. Ni dai abinda nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni, majemi ne ko ɗalibin da aka turo ya yi bincike, shine a daina musu a auna. Hanci baya auna komai, ruwan da baya wari zai iya kashe maka shukar albasa, kuma aunawar nan mafi yawanta zaka iya yinta a tsakar gida da bokiti da sikeli, abu biyu ne kacal sai ka dangana da labo, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya.

Ga ɗan bayanin da kake buƙata kafin ka fara. Sulfir ɗin da ake sayarwa, mai ɓawo-ɓawo ruwan ɗorawa, idan ya haɗu da farar ƙasa narkar da gashin yake yi ɗungurungum, gashin ya zama kunu ya bi ruwa, shiyasa ruwan yake fitowa baƙi-baƙi mai kauri. Anzim kuwa saiwar gashin yake ci, sai gashin ya saki ka karce shi da kartaji ya fito da jikinsa. Kuma ba sabon abu bane a wajenmu, kashin kaji ko na tantabara da kakanni suke jiƙa fata a ciki don ta yi laushi aikin anzim ne, ƙwayoyin halittar da ke cikin kashin ne suke fitar da shi. A Jamus ma da kashin kare suke yi har zuwa 1907 da wani Otto Röhm ya gano cewa ruwan da ake samu a pankiriyas na cikin dabba, wato gaɓar nan da ke kusa da hanta mai taimakon narkar da abinci, yana yin wannan aikin ba tare da ƙazanta ba. Toh shikenan, mu koma kan aiki.

Kayan da zaka tanada

Sikeli biyu, babba na ratayawa irin na mahauta da ƙarami na giram irin na masu kek. Rabin duro ko baho guda biyu iri ɗaya. Bido mai lita 20, ka zauna ka zuba ruwa lita-lita kana ja masa layi da maka, kar ka yarda da abinda aka rubuta a jiki don wasu bidon sun fi 20. Gorunan ruwa farare na lita ɗaya da rabi irin na Tangui, aƙalla goma, wankakku. Rula, sirinji mai cin mililita 10, ma'aunin zafi, tsohon gidan sauro don tace gashi.

Takardar pH, wadda ake gwada tsamin ruwa ko kaifinsa irin na farar ƙasa da ita, mai nuna 0 zuwa 14. Idan baka samu ba, jiƙa foleren da ake zoɓo da shi ba sukari, ruwansa ja ne amma idan ka ɗiga masa ruwan farar ƙasa sai ya juye kore-kore, bazai baka lamba ba amma zai nuna maka wanne yafi ƙarfi.

Ɗan alƙalamin nan na TDS da masu sayar da matatar ruwa suke riƙewa, shi yake nuna yawan gishirin da ya narke. Wayar wuta ta jan ƙarfe, ka feƙe robar ka goge ta da yashi har ta yi sheƙi. Ƙwayar farmanganat ta farmasi, wadda ake jiƙawa ruwa ya zama shunayya a wanke ƙuraje. Irin gero ko dawa ko kokwamba mai kyau, da faranti goma sha biyar ko murafen roba, da tsumma fari.

Safar hannu ta roba mai tsawo, takalmin ruwa, tabarau, da littafin rubutu. Littafin nan kar ka raina shi, abinda baka rubuta a take ba gobe ka manta.

1. Ka yanke daga ina zuwa ina kake aunawa

Mutane da yawa anan suke fara ɓata aikin, su auna ruwan sulfir tun daga jiƙo har wanki na ƙarshe, na anzim kuma su auna baho ɗaya kawai suce kaga ya fi. Ka rubuta a shafin farko: daga lokacin da fata ta gama jiƙa har lokacin da ta shirya shiga bagaruwa. Duk ruwan da ya taɓa ta a tsakanin nan, duk garin da aka zuba, duk itacen da aka ƙona, yana cikin lissafi. Jimar kanta, bagaruwa ce ko sinadarin kurom, ka yi ta iri ɗaya wa ɓangarorin biyu don kar ta shiga tsakani.

Sannan komai zaka raba shi da kilon fata. Masu wannan aiki a manyan masana'antu suna bin ƙa'idar ISO 14040, kuma ginshiƙinta kenan, ka tsayar da iyaka ka tsayar da abinda kake rabawa da shi.

2. Ka raba fatun da adalci

Hanya mafi kyau itace ka ɗauki fata shida na awaki ka tsaga kowacce gida biyu ta bin ƙashin baya, rabin dama na ta farko ya tafi sulfir na hagu ya tafi anzim, ta biyu ka juya, haka har ka gama. Da haka babu wanda zai ce maka ai fatun wancan ɓangaren sun fi kauri. Na san tsaga fata asara ce, baduku bazai saye ta da daraja ba, amma masu yin jaka ƙanana da takalma suna karɓa. In bazaka iya ba to ka ware goma da goma, duk na akuya ko duk na tunkiya, kar ka gauraya, kuma kar ka haɗa busasshiyar rana da mai gishiri. Kirgi kuwa ka bar shi sai hannunka ya faɗa. Fatar mushe kar ma ta shigo gidan, baka san me ya kashe dabbar ba.

Ka jiƙa su tare a baho ɗaya, in sun yi laushi ka rataye su minti 15 ruwa ya tsane, sai ka auna kowane ɓangare. Wannan nauyin shine zaka yi ta amfani da shi har ƙarshe. Ka huda ɗan rami ɗaya a wuyan na sulfir, biyu a na anzim, don bayan an jeme fenti da alli duk sun goge.

3. Ka auna duk abinda zai shiga

Ɓangaren sulfir ka yi yadda ka saba yi kullum, kar ka rage don kana gwaji kuma kar ka ƙara don kana son anzim ya ci. Bambancin kawai yau kafin ka zuba zaka ɗora a sikeli. A masana'antu sulfir yakan kama kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na nauyin fata, amma da yawa daga cikinmu da gwangwani ko tafin hannu muke awo, kuma ranar da mutum ya fara ɗorawa a sikeli yakan sha mamakin yawan da yake zubawa. Idan ragowar karbir ta masu walda kake amfani da ita maimakon farar ƙasa, itama farar ƙasa ce jiƙaƙƙiya, amma ka shanya kaɗan ka ga nawa ne ruwa a cikinta don ka rubuta busasshen nauyi. Toka ma haka.

Ɓangaren anzim ka bi takardar da ke jikin ledar, adadi da lokaci. In babu takarda, babu sunan kamfani, babu ranar lalacewa, ni bana saye. Anzim abu ne da zafi yake kashewa, ledar da ta yi wata biyu a shagon kwano a watan Afrilu na Marwa inda zafi yake haura digiri 40 kar ka yi mamaki in ta ƙi aiki. Yawancinsu sun fi son ruwa mai ɗumi, wajen digiri 30 zuwa 37. Wasu kwaɓa su ake yi a shafa ta cikin fatar, a ninke a jera a rufe da buhu su kwana, wannan hanyar tafi cin ruwa kaɗan.

Wanda bai samu na kanti ba zai iya gwada ƙaron ɗanyar gwanda, ka tsattsaga jikinta da reza tun tana kan bishiya ka tari farin ruwan. Akwai anzim a ciki da gaske, shine yake sa nama laushi, amma gaskiya wajen cire gashi shi kaɗai yana da rauni, yafi kyau a matakin laushi a madadin kashin kaji. Wannan ma gwaji ne mai kyau, kashin kaji a gefe gwanda a gefe, matakan duk ɗaya ne.

Ruwa kuma duk bidon da ka juye ka ja layi a littafi. Yaran da suke tayaka aiki ka gaya musu kar wanda ya ƙara ko moɗa ɗaya bada saninka ba.

4. Ka tari ruwan da ya fita, kowanne daban

Duk lokacin da zaka zubar da baho, ka fara tace shi da gidan sauro, ka auna lita nawa ne, ka gauraya shi sosai da sanda don laka ta tashi, sai ka cika gora biyu har baki ka rufe. Ka rubuta a jiki: ɓangare, mataki, rana, lita nawa. Kar ka ɗebi na sama da ya kwanta ya yi garau, wannan yaudarar kai ce.

Anan dan Allah ka natsu ka karanta. Kar ka taɓa haɗa ruwan sulfir da wani ruwa mai tsami, ko ruwan bagaruwa, ko ruwan asid na batir, ko wanda aka cire farar ƙasa da shi. Muddin ruwan sulfir yana sama wajen pH 12 gubar tana ɗaure a cikin ruwan, da zarar ya sauko ƙasa da 9 sai ta fara tashi ta zama iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Iskar nan tafi iskar da muke shaƙa nauyi, a rami da kwata da ɗaki rufaffe take taruwa, kuma mugun halinta shine in ta yi yawa hanci yana daina jinta, mutum ya ɗauka ta wuce alhali lokacin ne take kayar da shi. Ta kashe ma'aikata a majemu a ƙasashe da dama, yawanci wajen shiga rami don yashe shi. Don haka a fili zaka yi aikin, iska tana bayanka, yara suna nesa, kuma gorunan nan kowacce ita kaɗai, haɗawar a takarda za'a yi ta ba a bokiti ba.

5. Gashi da laka

Abinda gidan sauro ya tare da wanda kartaji ya karto ka shanya su daban-daban har su bushe ƙarau, ka auna. Tunda rabin fata ɗaya ne, gashin da ke ɓangarorin biyu kusan daidai yake tun farko, to in na anzim ya baka giram 400 na sulfir ya baka 50, ka san giram 350 ɗin can suna cikin ruwan da zaka zubar. Wannan awon shi yafi saurin gamsar da dattawan majema don abu ne da ido yake gani.

Laka kuma, ka zuba lita ɗaya daidai a gora, ka girgiza, ka ajiye a inuwa awa ɗaya ba taɓawa, ka sa rula ka auna tsayin abinda ya kwanta. A labo da wani gilas mai tsinin gindi suke yi, shima lita ɗaya awa ɗaya. In kana son ka kusanci nasu ka kifa gorar kan murfinta ka yanke gindin, laka sai ta taru a wuyan.

6. pH, gishiri da sulfir

Tsoma takardar pH daƙiƙa biyu ka gwada da launukan kwalin nan take, in ta bushe launin yana canzawa. Ruwan farar ƙasa da sulfir zaka gan shi 12 zuwa 13. Na anzim ya danganta da irinsa, yawanci ƙasa da haka. Ka tuna tsakanin 10 da 12 ba tazarar biyu bace, kowace lamba ɗaya ninki goma ce, kenan ninki ɗari. Ruwan da ake yarda a saki a yawancin ƙa'idoji tsakanin 6 da 9 yake.

Alƙalamin TDS kar ka tsoma shi kai tsaye, ruwan jima yafi ƙarfinsa, zai tsaya a lamba ɗaya ko ya nuna maka shirme. Ɗebi mililita 10 da sirinji ka ƙara 90 na ruwan gora na sha, ka auna, ka cire lambar da ruwan gorar shi kaɗai yake nunawa, ka ninka sau goma. Bayan kowane awo ka ɗauraye bakinsa. In babu alƙalamin, zuba lita ɗaya da ka tace da tsumma a faranti mai faɗi wanda ka riga ka auna, ka bar rana ta shanye shi, ka rufe da gidan sauro saboda ƙura, ka sake aunawa.

Abin da zaka lura shine in fatun masu gishiri ne, gishirin da yafi yawa a ruwan jiƙo yake fita, tun kafin a zo maganar sulfir ko anzim. Ka auna ruwan jiƙon shima ka rubuta a gefe, don kar ka canza zuwa anzim ka ɗauka ka gama da matsalar gonar da ke bayan gidanka alhali gishirin yana nan.

Sulfir kuma, yanki wayar jan ƙarfe tsayi ɗaya, ka tsoma kowacce a gora ɗaya ta ruwan jima minti 10, ka fitar ka jera akan farar takarda ka ɗauki hoto. Wadda ta shiga ruwan sulfir zata yi baƙi. Ka yi wa ruwan wanki na biyu da na uku ma, zaka ga har ina sulfir yake bin fata. Ka gwada na anzim ɗin shima, don wasu masu sayarwa suna ce maka ka ƙara ɗan sulfir kaɗan ya taimaka, wasu garin ma an riga an gauraya, waya zata tona.

7. Ƙazantar da take cinye iskar ruwa

Wannan shine babban awo. Narkakken gashi da kitse da jini in sun shiga ruwa ƙwayoyin halitta suna cinsu, wajen cin suna shanye iskar da kifi yake numfashi da ita, ruwan ya mutu ya fara wari. A takardar labo zaka ga an rubuta DCO da DBO5. DBO5 ana ajiye ruwan kwana 5 a digiri 20 a ga iskar da ta ragu, DCO kuma da sinadari ake ƙona ƙazantar cikin awa biyu, shi yafi sauri kuma in kuɗinka na ɗaya ne shi zaka zaɓa.

Ka nemi sashen kimiyya a jami'ar Marwa ko makarantar injiniyoyi ta ENSAI a Ngaundere, 'yan Kusiri kuma Njamena tafi muku kusa, gada kawai zaku tsallaka. Ka je ka yi magana da su tun kafin ka jiƙa fata, ka ji ranar da zasu karɓa da irin gorar da suke so. Gora cike har baki, cikin kula da ƙanƙara, ta isa hannunsu cikin awa 24. Ka gaya musu baki da baki cewa akwai sulfir da gishiri a ciki, don su a al'ada asid suke ɗigawa don adana ruwan DCO, kuma gishiri mai yawa yana ɓata sakamakon in basu yi masa magani ba. Kai dai kar ka ɗiga komai.

In labo bazai yiwu ba ga dabarar farmanganat. Narka ƙwaya ɗaya a lita ɗaya na ruwan gora. Ɗebi mililita 10 na ruwan jima ka ƙara ruwan gora har ya kai rabin lita, daga nan ka ɗebi mililita 50 a kofin gilas. Ka riƙa ɗiga farmanganat da sirinji kana juyawa, da farko launin zai riƙa ɓacewa ko ya koma ruwan ƙasa, ka ci gaba har ruwan hoda ya tsaya minti ɗaya bai gushe ba, ka rubuta mililita nawa ya ci. In ka ga ya juye kore to ruwan yayi ƙarfi, ƙara sirkawa. Wannan lambar ba DCO bace kar ka kaita ofis, amfaninta kawai ka ce wannan ya ci ninki biyu na wancan, kuma sai in da kwalbar farmanganat ɗaya ka yi duka a rana ɗaya.

8. Gwajin tsiro

Ni wannan nafi so don shi yake amsa tambayar manomi. Daga ruwan cire gashi na kowane ɓangare ka haɗa kashi biyu: rabi da rabi da ruwan rijiya, da kuma ɗaya cikin goma. Na biyar ruwan rijiya zalla, shine ma'auni. Kowane kashi faranti uku, a shimfiɗa tsumma ninki biyu, iri 20, ruwa mililita 10, a rufe a sa a inuwa. Lokacin hunturu tsumma yana bushewa da wuri, ka sa farantan cikin leda, in zaka ƙara ruwa ka ƙara wa kowa daidai kuma daga gorarsa.

Bayan kwana 4 ka ƙirga waɗanda suka tsiro ka auna tsayin saiwa da rula. Saiwar tafi faɗin gaskiya, zaka ga iri ya fasa amma saiwar ta tsaya guntuwa, bakinta yayi ruwan ƙasa kamar an ƙona, alhali ta ruwan rijiya ta miƙe fara da gashi-gashi a jiki. Lissafi: tsiron gwaji raba da tsiron rijiya, sau tsayin saiwar gwaji raba da ta rijiya, sau 100. Masu gwada takin gargajiya suna ɗaukar sama da 80 lafiya, ƙasa da 50 akwai guba sosai. In na ruwan rijiya ma basu kai 16 cikin 20 ba, irin ne ba kyau, sake da wani.

9. Wuta da abinda ya faru kafin kaya su iso hannunka

In ka ɗumama ruwa saboda anzim a watan Janairu, auna itacen. Kilo ɗaya na busasshen itace yana fitar da hayaƙin kabon sama da kilo ɗaya da rabi, lita ɗaya ta gazuwal wajen kilo 2.7 in da injin kake jan ruwa, kuma a yankin da itace yake zuwa daga nesa wannan ba ƙaramin abu bane. Baƙin bido a rana daga hantsi zuwa azahar yana ɗumama ruwa kyauta. Farar ƙasa ma ba daga sama ta faɗo ba, dutse ake ƙonawa, kowane kilo na ƙonanniyar yana sakin kusan giram 780 na kabon daga dutsen kansa banda makamashin. Anzim kuma a manyan tankuna ake kiwon ƙwayoyin da suke yinsa da sukari da lantarki sannan a yo jigilarsa, wannan bazaka iya aunawa daga nan ba, ka dai rubuta giram nawa ka zuba.

10. Lissafi

Kuskuren da yafi yawa shine mutum ya kalli lambar labo kawai. Lambar tana gaya maka ƙazantar da ke cikin lita ɗaya ne, kamar shayi ne, ɗan ƙaramin kofi zai iya fin zaƙi amma sukarin da ke cikin buta guda yafi yawa. Dole ka ninka da yawan litar sannan ka raba da kilon fata.

Ga misali da lambobin da na ƙirƙira don koyo kawai. Fata kilo 10 kowane ɓangare. Na sulfir lita 60, DCO miligiram 15000 a lita, ya zama giram 900, kenan giram 90 a kilo. Na anzim lita 20, DCO 18000, ya zama giram 360, giram 36 a kilo. Wanda ya kalli 18000 da 15000 zai ce anzim yafi ƙazanta, kaga ya juya gaskiya. Haka zaka yi wa kowane baho sannan ka tara, haka gishiri, haka laka. Wannan ne ma yasa ƙara ruwa don launi ya washe ba gyara bane, ƙazantar tana nan ka dai ƙara ɓarnar ruwa.

Ka kuma tara nauyin duk abinda ya zama shara, garin da ka zuba da gashi da naman da ka karce daga fata, ka raba da kilon fatar da ta fito. Roger Sheldon ne ya yaɗa wannan awon a farkon shekarun 1990, kilo nawa na shara a kowane kilo na kaya. Gashin da ka tara ka zuba a ramin taki kar ka sa shi cikin lissafin shara.

11. Ka duba fatar kanta

Bayan an jeme an shanya, ka kai wa baduku ɓangarorin biyu ba tare da ka gaya masa wanne ne wanne ba, ka ce baba duba min waɗannan, ka bar shi ya ja, ya ninke, ya kalli fuskar a rana. Matsalar anzim guda biyu ce, in lokaci bai kai ba yana barin ƙananan gashi musamman a wuya da gadon baya, in ya wuce kuma sai ya fara cin fuskar fatar ta saki ta yi yaushi, da zafin bazara awa biyu na sakaci sun isa. Don haka daga awa na shida ka riƙa murza gashin da babban yatsa kana gani. Duk fatar da baduku ya ƙi, ka cire nauyinta daga abin rabawa ka sake lissafin, don ruwan da garin da aka kashe mata sun tafi a banza. Wani lokaci anan ne nasarar anzim take raguwa sosai, kuma gara ka gani a takarda da ka gani a kasuwa.

Gwaji ɗaya baya isa. Ka maimaita sau uku, in da hali ɗaya da zafi ɗaya da hunturu ɗaya da damina. A ganina bambancin da bai kai ɗaya cikin biyar ba da irin kayan awonmu na gida kar ka kafa hujja da shi.

12. Ruwan da ya rage

Kar ka juye shi a mayo, wato kogi. Kogunan Marwa, Kaliyawo da Tsanaga, yawancin shekara yashi ne, amma ƙarƙashin yashin akwai ruwa, shi mutane suke tona suna wanki kuma shi rijiyoyin lambu suke sha. Dokar muhalli ta Kamaru, mai lamba 96/12 ta 5 ga Agusta 1996, ta hana zuba abinda zai gurɓata ruwa, in kana da takardar awonka ko jami'an muhalli sun zo kana da abin nunawa.

Ruwan sulfir ka zuba shi a wuri mai faɗi marar zurfi da aka dafe da siminti ko aka shimfiɗa wa leda mai kauri, a fili, nesa da rijiya, ka kewaye da ƙaya saboda awaki da yara. Ka riƙa motsa shi da doguwar sanda safe da yamma, iska tana rage ƙarfin sulfir a hankali, ka riƙa gwadawa da wayar jan ƙarfe har ta daina baƙi. Na anzim raminsa daban, kuma shi kar ka bar shi ya daɗe don cike yake da abinda yake ruɓewa, kwana biyu da zafi zai fara wari, ka tace shi ta cikin duro mai yashi da gawayi. Lakar da ta bushe in babu kurom a cikinta zata iya shiga taki kaɗan-kaɗan bayan ka gwada ta da iri kamar mataki na 8, in kuwa akwai kurom ka ɗure ta a buhu ka ajiye inda ruwan sama bazai taɓa ta ba, kuma kar ka ƙona ta, wuta tana juya kurom ya koma nau'in da yafi guba.